Sharhi: Wayar dish da eriya, da abin da ke sa hoto ɗaukewa alhali dikoda ƙalau take

Tun da gidajen talabijin suka fara komawa tsarin dijital, akwai ƙorafin da ya zama ruwan dare a gidaje da gidajen kallon ƙwallo. Ana tsaka da kallo sai hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, murya ta riƙa sarƙewa, can kuma allo ya nuna babu sigina. Mai gida ya ce dikoda ce ta lalace. Matasa su ce kamfanin da aka biya kuɗin wata ne ke wasa da hankalin mutane. Wani ya ɗauko tsani ya hau ya karkata dish ɗin da ba abin da ya same shi. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin abin da ya gaza shi ne wayar da ta taso daga rufi, ta bi bango ta shiga bayan dikoda, wadda ba wanda ya sake waiwayarta tun ranar da aka ja ta.

Sauyin ya samo asali ne daga yarjejeniyar da aka ƙulla a Jeniba a 2006 ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, inda ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka tsayar da 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin analog a zangon UHF, ɗaya daga cikin zangunan igiyar da eriyar talabijin ke kamawa. Najeriya ba ta cika wa'adin ba. An ƙaddamar da gwaji a Jos ranar 30 ga Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Legas da Kano a 2021. Maganar da ta fi yawo a lokacin ita ce ta sayen dikoda, ba a cika tabo batun waya ba.

Ita kuwa wayar, sauyin ya ƙara mata nauyi. A zamanin analog idan sigina ta yi rauni hoto kan yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero, amma ana gani, kuma mai kallo na lura da yadda yake ƙara lalacewa wata bayan wata. Dijital ba ya yin wannan gargaɗin. Muddin sigina ta haye wani mizani, hoto tangaran yake, ko da da ƙyar ta haye. Da ta faɗo ƙasa da mizanin, komai ya tafi a lokaci guda. Gidan da ke da rarar sigina mai yawa da gidan da ke bakin gaɓa hotonsu iri ɗaya ne ranar da gari ya yi garau. Sai hadari ya haɗu ake gane wanda ke da ajiya.

Abin da ke cikin wayar

Injiniyoyi na ce mata kebul koksiyal, masu haɗa dish kuma wayar dish ko wayar eriya. Ma'anar sunan shi ne duk sassanta suna kewaye da cibiya ɗaya, kamar zoben albasa idan an yanka ta a kwance.

Wanda ya tsaya kusa da mai haɗa dish yana feƙe bakinta zai ga abu huɗu. Da ya zagaya reza ya zare rigar roba ta waje, sai saƙa ta bayyana, siraran wayoyi masu kama da kitso, ya tattare su ya mayar baya. Ƙarƙashinsu akwai takardar alminiyam mai ƙyalli. Saƙar da takardar su ne garkuwa. Sai farin abu mai kama da soso, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. A can tsakiya kuma sandar waya guda ɗaya, zuciyar kebul ɗin, wadda a kan irin na dish ita ce da kanta take zama tsinken da ke shiga ramin dikoda.

Sigina ba ta cikin zuciyar kaɗai take tafiya kamar ruwa a bututu ba. Ƙarfinta yana gudana ne a filin da ke tsakanin zuciya da garkuwa, wato cikin farin soson nan. Garkuwa na aiki biyu: ita ce hanyar dawowar wuta, kuma ita ce katangar da ke hana siginar ciki fita, ta hana hayaniyar waje shiga. Saboda haka tazarar da ke tsakanin zuciya da garkuwa dole ta zama ɗaya daga farkon waya har ƙarshenta. Ƙusar da aka lanƙwasa aka danne wayar da ita a bango, ƙofar da ke matse ta kullum, karya ta da aka yi a kusurwa kamar ana naɗe tabarma, duk suna canza wannan tazara. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada lanƙwasa ta fi ƙunci da kusan ninki 10 na kaurin wayar. Sannan idan silin saƙa ɗaya tak ya kuɓuce ya taɓa zuciya a cikin kan waya, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a bakinta, an haɗe hanya biyu ke nan, ba tashar da za ta fito.

Me ya hana a yi amfani da wayar wuta?

Amsar tana cikin abin da ake kira firikwensi, wato sau nawa igiyar wuta ke kai da komowa a daƙiƙa ɗaya. Wutar NEPA sau 50 take yi. Rediyon FM yana tsakanin megahaz 87.5 da 108, ma'ana sau miliyan 100 ko kusa da haka. Talabijin ɗin dijital na eriya yana tsakanin megahaz 470 da 694. Abin da ke saukowa daga dish kuwa yakan kai megahaz 2150.

Gwargwadon hawan firikwensi, gwargwadon gajarcewar igiyar. Tsawon igiya ɗaya ta wutar gida ya kai kilomita 6,000, don haka a wurinta wayar ɗaki ba komai ba ce. A megahaz 1000 tsawon igiya santimita 30 ne kacal. Duk wayar da tsawonta ya kusanci na igiyar da take ɗauke da ita, eriya take komawa: ta riƙa watsar da abin da aka ba ta amana, tana kuma kwaso tartsatsin janareta da na filogin babur. Manya za su tuna wata shimfiɗaɗɗiyar waya mai layi biyu da ake ɗaura wa tsofaffin talabijin da sukurori biyu. Tana aiki, asararta ma kaɗan ce idan a bushe take kuma a sarari, amma da ta jingina da kwanon rufi ko ruwa ya jiƙa ta, hoto ya rikice. Rashin garkuwa ne ya kore ta daga kasuwa.

Daga Heaviside zuwa ƙarƙashin teku

Dabarar ta girmi talabijin. Wani Bature ɗan Ingila, Oliver Heaviside, shi ya yi mata rajista a 1880. Lloyd Espenschied da Herman Affel na kamfanin tarho na Amurka suka mayar da ita abin aiki, suka nemi rajista a 1929 aka ba su a 1931. A 1936 an ja layin gwaji tsakanin New York da Philadelphia, a 1956 kuma aka buɗe TAT-1, layin tarho na farko da ya ratsa ƙarƙashin Tekun Atlantika daga Scotland zuwa Newfoundland, yana ɗaukar kira 36 a lokaci guda. Kwamfutocin ofis na shekarun 1980 ma da irin wannan waya aka fara haɗa su.

Haruffan RG da ake gani a jikin waya, RG-6 ko RG-59 ko RG-58, gadon sojojin Amurka ne daga Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suka jera wa wayoyin rediyo da na rada lambobi. Lambobin ba sa bin girma: RG-11 ta fi RG-6 kauri, RG-59 kuma ta fi ta siranta.

Om 50 da om 75

Duk kebul koksiyal yana da wata lamba da ake kira imfidans, ana auna ta da om. Mutane kan rikita ta da turjiyar da mitar mai gyaran rediyo ke nunawa, alhali daban suke. Imfidans ba ruwansa da tsawon waya: mita 1 da mita 100 na RG-6 duk om 75 ne. Kaurin zuciya, faɗin garkuwa da irin abin da ke tsakaninsu su ke yanke shi. Amfaninsa shi ne idan eriya da waya da na'ura duk lambarsu ɗaya, sigina na wucewa salin-alin. Inda lamba ta canza, wani kaso na siginar yakan juyo baya kamar amsa-kuwwa a gindin dutse.

Dalilin da ya sa duniya ta tsaya a kan lambobi biyu lissafi ne. Idan iska ce tsakanin zuciya da garkuwa, wayar da ta fi ƙarancin asara ita ce mai kusan om 77, wadda ta fi jure ƙarfin wuta kuma mai kusan om 30. Masu karɓar sigina mai rauni, kamar talabijin da dish, asara ce damuwarsu, sai suka zauna a 75. Masu watsawa, gidajen rediyo da ƙarafan sabis da rediyon oba-oba, suna buƙatar duka biyun, sai suka raba gardama a 50.

A nan akwai saɓani tsakanin littafi da masu aiki a fili. Littafi ya ce kada a gauraya. Masu aiki su ce sun sha haɗa wayar 75 da na'urar 50 kuma ta yi. Kowa na da gaskiyarsa. Haɗin 50 da 75 kashi 4 cikin 100 kawai na ƙarfin sigina yake mayarwa baya, abin da mai kallo ba zai taɓa lura da shi ba. Amma a wurin watsawa lissafin ya canza. Kashi 4 cikin 100 na wat 10,000 wat 400 ne ke komawa cikin taransimita ya zama zafi. Idan kuma wayar ta tsinke ko ta haɗe, kusan dukkan ƙarfin ne ke dawowa, shi ya sa manyan taransimitoci ke da na'urar da ke rage wuta ko ta kashe su da kanta da zarar abin da ke dawowa ya yi yawa.

Inda sigina ke zubewa

Wannan shi ne ginshiƙin batun. Babu wayar da ke isar da duk abin da aka ɗora mata. Ana auna asarar da desibel, dB a taƙaice, kuma lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne. Asarar dB 3 tana nufin rabi ya tafi. dB 6, saura kashi ɗaya cikin huɗu. dB 10, ɗaya cikin goma. dB 20, ɗaya cikin ɗari.

Abu uku ke ƙara asara: tsawo, siranta da hawan firikwensi. RG-6 mai kyau, wadda zuciyarta ta kai kusan milimita 1, tana zubar da wajen dB 20 a kowace mita 100 a megahaz 1000, da wajen dB 30 a megahaz 2150. A zangon FM asarar ba ta wuce 6 zuwa 7 ba. RG-59 ta fi ta asara, RG-11 kuma, mai kaurin kusan santimita 1, asararta wajen dB 14 ce a megahaz 1000, shi ya sa ake janta a otal da dogayen gine-gine duk da tsadarta da wuyar lanƙwasawa.

A ɗauki gidan da dish ke bayan gida, dikoda na falo, waya mita 30. Tashoshin da ke tafiya a wajen megahaz 1000 za su iso da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsu, na wajen 2150 kuma da ɗaya cikin takwas. Wannan da waya mai kyau ke nan. Idan aka sa abin raba sigina gida biyu don ɗakin uwargida da na amarya, kowane ɓangare ya sake rasa kusan dB 3.5, mai raba huɗu kuma kusan 7. Kowane haɗi da aka yi a tsakiya yana cin nasa. Wannan ne ya sa wasu tashoshi ke ɓacewa wasu na nan daram a dikoda ɗaya: ba a firikwensi ɗaya suke tafiya cikin wayar ba.

Sai dai dish da eriya ba su yi tarayya a yadda asarar ke cutar da su ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata kuɗi. Tauraron ɗan'adam na zangon Ku, wanda ƙananan dish na gida ke kamawa, yana aiko da sigina tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, wato fiye da megahaz 10,000, firikwensin da wayar gida ba za ta iya kaiwa ko'ina ba. Na'urar da ke bakin dish, LNB, ita ke ƙara mata ƙarfi ninkin-ba-ninkin, ta sauko da ita zuwa megahaz 950 zuwa 2150 kafin ta shiga waya. Tun da an ƙarfafa ta tun daga sama, tana da abin da za ta yi asara a hanya ba tare da ta lalace ba. Eriyar da aka ɗaure a gora ko ƙarfe don kama GOtv ko StarTimes ko FreeTV kuwa, in ba mai busta a jiki ba ce, ɗan abin da ta tsinta a iska shi take turowa. Mita 20 na RG-6 a wajen megahaz 600 na cinye kusan rabinsa.

Daga nan sai a je a sayo busta a maƙala a bayan talabijin. Busta ba ta san sigina da hayaniya ba, duk abin da ya iso gare ta take ƙarawa. Idan sigina ta riga ta nutse cikin hayaniya a hanya, an ƙara wa hayaniyar murya ne kawai. Ana ganin haka a allon dikoda inda layi biyu ke nunawa, na ƙarfi da na inganci: na ƙarfi ya cika taf, na inganci na rawa a ƙasa. Na biyun shi ke kawo hoto. Wurin busta a sama ne, gab da eriya, kafin waya ta ci rabonta.

Gardamar jan ƙarfe

A kasuwa, hanyar da aka fi gwada waya ita ce a kanga mata mayen ƙarfe. Idan zuciyar ta manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, sai mai saye ya ce jabu ce. Hukuncin ya yi tsauri. Akwai wata ɗabi'a ta wuta mai babban firikwensi: ba ta shiga cikin waya, a fatarta take gudu. A megahaz 1000 zurfin da take shiga cikin jan ƙarfe kusan kashi 2 cikin 1000 na milimita ne kawai, silin gashin kai ya fi shi kauri fiye da sau 20. Don haka zuciyar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe na kai siginar talabijin kusan daidai da zallan jan ƙarfe, ga ta da araha, ga ƙarfin jure ja, tsinkenta kuma ba ya saurin lanƙwashewa. Manyan kamfanonin duniya na ƙera ta da gangan, suna kuma rubutawa a jiki.

Masu fifita zallan jan ƙarfe su ma hujjarsu na da ƙarfi. Wayar dish ba sigina kaɗai take ɗauka ba. Ta cikinta dikoda ke aika wa LNB wutar da yake aiki da ita, kuma da wannan wuta take ba shi umarni: bolt 13 ya kamo tashoshin da igiyarsu ke tsaye, bolt 18 ya kamo na kwance, wani ɗan sauti na kilohaz 22, wato sau dubu 22 a daƙiƙa, kuma ya sa shi ya koma zangon sama. Wannan wuta ba a fata take tafiya ba, duk kaurin zuciyar take bi, kuma turjiyar zuciyar ƙarfe ta ninka ta jan ƙarfe kusan sau huɗu. A mita 15 ko 20 ba a ganin bambanci. Idan waya ta yi tsawo sosai, ko siririya ce, ko kanta ya yi tsatsa, ko akwai mota mai juya dish da ke jan wuta, bolt 18 kan iso sama a raunane har LNB ya ɗauke shi a matsayin 13. Sakamakon shi ne rukunin tashoshi guda ya ɓace gaba ɗaya.

Kyamarorin tsaro masu bin koksiyal sun fi kowa buƙatar zallan jan ƙarfe, zuciya da saƙa, domin hotonsu a ƙananan firikwensi yake tafiya, inda wuta ke nutsawa cikin waya sosai. Wayar da ta yi wa dish daidai tana iya ba kyamara hoto mai inuwa da layi-layi.

Abin da mayen ƙarfe ba ya nunawa shi ne garkuwa, kuma nan ne ake yawan rage kaya. RG-6 ta yau da kullum na da takardar alminiyam da saƙar da ta rufe kusan kashi 60 cikin 100. Akwai mai garkuwa ninki huɗu, takarda biyu saƙa biyu. A mai arha sosai kuwa, da an zare riga sai a ga 'yan silla da za a iya ƙirgawa da ido, takardar kuma leda ce mai fentin azurfa. Rubutun RG-6 a jiki ba shaida ba ne, domin tuni lambar ta zama sunan girma kawai, ba alƙawarin inganci ba. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su Najeriya, amma a bakin shago reza da ido su ne abin dogaron mai saye. Araha ba ta ado.

Garkuwar ta ƙara muhimmanci ne saboda wani sakamako na komawa dijital. Zangon megahaz 700 da 800 da talabijin ya bari an ware shi ga wayar salula, kuma 4G na aiki a cikinsa. Ke nan ƙarfen sabis da wayar hannu sun zama maƙwabtan talabijin, katanga ɗaya. Waya mai raunin garkuwa ko kan da bai ɗauru ba na iya barin siginarsu ta kutsa ta dagula hoto.

Ruwa, rana da kan waya

Yawancin lalacewa daga baki take farawa. Kan da ake murɗawa da hannu ya fi arha da sauƙi, amma yana barin kafa. Wanda ake matsewa da na'ura ta musamman ya fi rufe ruwa. Wasu ma ba sa sa kai: idan waya ta gaza sai a murɗe zuciya da zuciya, saƙa da saƙa, a naɗe da baƙin salatif kamar wayar fanka. Hoto na iya fitowa ranar, amma a wannan gaɓa babu garkuwa, babu om 75.

Rana irin ta Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas tana gasa rigar waya har ta tsattsage, musamman farar da aka yi don cikin ɗaki. Ta waje baƙa ce, an yi ta don jure hasken rana. Da damina ta sauka ruwa ya samu kafa, saƙar nan sai ta riƙa tsotsarsa kamar lagwani, ya yi ta gangarowa, wani lokaci har bayan dikoda. Alminiyam ya zama farin gari, jan ƙarfe ya yi baƙi ko kore, asara ta ninka.

Ya kamata a raba wannan da ɗaukewar hoto lokacin ruwan sama mai ƙarfi. Wancan a sararin sama yake faruwa, ɗigon ruwa ne ke shanye siginar zangon Ku kafin ta iso dish, ba laifin waya ba ne, ko da yake gidan da ke da rarar sigina ya fi daɗewa bai ɗauke ba. Akwai kuma batun tsawa: garkuwar waya da ƙarfen eriya na buƙatar a haɗa su da ƙasa kafin su shiga gida. Wannan na rage ɓarnar tsawar da ta faɗi a kusa, ba ya hana wadda ta faɗo kai-tsaye.

Bayan falo: ƙarfen sabis, gidan rediyo da gilashi

A gidajen rediyo da talabijin, abin da ke hawa dogon ƙarfe zuwa eriya koksiyal ne, sai dai wani ya kai kaurin hannu, wani ma bututun jan ƙarfe ne sandararre da ake hura wa busasshiyar iska ko naitirojin don kada laima ta shiga. A ɗaya gefen, cikin laftof akwai 'yan wayoyi masu kaurin milimita 1 da ɗoriya da ke bi ta maƙogwaron murfi zuwa eriyar Wi-Fi. Su ma koksiyal ne. Haka a rada, jiragen sama, na'urar hoton MRI ta asibiti da kayan awo na ɗakin gwaji.

Ana yawan cewa wayar gilashi, faiba, ta gama da koksiyal. A doguwar tafiya haka ne, ba gardama. Faiba na asarar kusan dB 0.2 a kilomita guda, RG-6 kuwa dB 200 a wannan nisa a megahaz 1000. Layukan teku da suka sauka Legas, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 da Equiano da ya sauka a 2022, duk gilashi ne. A ƙarafan sabis ma, maimakon kaurara wayoyin da ke hawa daga ɗakin na'ura zuwa ƙololuwa, yanzu ana ɗora na'urar rediyon a sama a kai mata faiba da wuta. Kyamarorin tsaro na zamani da yawa sun koma wayar intanet, wadda iyakarta mita 100, abin da ya sa masu tsofaffin gine-gine da dogon nisa ke ci gaba da riƙe koksiyal.

Amma gilashi haske yake ɗauka, eriya kuwa wuta take sha. Duk inda igiyar rediyo za ta fita iska ko ta shigo daga iska, taƙin ƙarshe na ƙarfe ne. Ko a ƙarfen sabis na zamani, gajerun koksiyal ne ke haɗa na'ura da eriya, sai a sababbin eriyoyin 5G da aka haɗe su wuri guda. Abin da ya faru shi ne wayar ta gajarce, ba ta ɓace ba.

Abin da ya shafi aljihun mai gida

A cikin kuɗin haɗa dish ko eriya, waya da kawunanta ƙaramin kaso ne, amma su ne wurin da ya fi sauƙin ragewa ba a gane ba. Idan an yi jinga a dunƙule, kaya da aiki, duk abin da mai haɗawa ya rage a waya ribarsa ce, kuma ranar da zai miƙa aiki hoto zai fito tangaran. Su kuma masu haɗawar suna cewa mai gida ne ke ƙin biyan kuɗin mai kyau, ya ce ai waya waya ce. Raba kuɗin kaya da na aiki, da ganin an feƙe bakin wayar a gaban mai gida, yana kashe wannan gardama. Ga mai gidan kallo lissafin ya fi sauƙi, domin hoton da ya ɗauke ana tsakiyar wasa na iya sa a nemi ya mayar da kuɗin shiga.

Kafin a sayi sabuwar dikoda, yanayin ɗaukewar kansa na ba da labari. Hoton da ya tafi da ruwa ya dawo da tsayawarsa, sama ce. Wanda ya ƙi dawowa sai bayan awanni ko kwanaki, ruwa ne ya shiga waya ko kai. Idan rukunin tashoshi ne ya ɓace saura na nan, a duba tsawon waya, abin rabawa da tsatsar kai. Idan kuma sai an tayar da janareta ko an amsa kira kusa da talabijin yake farfashewa, garkuwa ce ko kan da ya saki. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗauki dikoda da ƙaramin talabijin a kai kusa da dish ko eriya, a haɗa da sabuwar waya mita 2 ko 3. Idan layin inganci ya tashi, an gano mai laifi.

Wurin da waya za ta shiga bango ana barin ta ta ɗan sauko ƙasa da ramin sannan ta hau, don ruwa ya ɗige a waje, a kuma naɗe kan da ke LNB da robar da ke manne wa kanta. Wadda ruwa ya riga ya shiga ba ta bushewa ta koma daidai. Ana yanke bakin ne a ci gaba da yankewa har a kai inda saƙa ke ƙyalli. Idan an ci mita guda ko biyu tana nan baƙa ko tana zubar da farin gari, sai a zare ta duka a ja sabuwa.